INJIN DA BA YA SHAN MAI

1. A rumfar maƙeri

Mallawa garin manoma ne, a jihar Damagaram, kusa da iyakar Nijeriya. Da can yana ƙarƙashin Magarya. Tun shekarar 2011 ya koma ƙarƙashin Dungas. Da damina ana noma hatsi da wake da gyaɗa da riɗi. Da rani masu lambu suna komawa inda ruwa yake kusa. Wasu suna ɗebo ruwa da guga, wasu da injin ban ruwa.

Injin ban ruwa yana sauƙaƙa aiki, amma sai ya sha mai. Shekaru da yawa man Nijeriya ake sha a wannan yanki, ana sayar da shi cikin kwalabe a bakin hanya, da araha. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai. Cikin ƴan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da biyu. Masu lambu suka shiga damuwa.

Akwai wani maƙeri mai basira. Ya gaji ƙira wajen ubansa, ya koyi walda, ya koyi gyaran injuna. Wata rana ya ga wani hoto mai motsi a wayar salula. An nuna wani inji yana juyawa, fitilu suna ci, ba mai, ba wayar lantarki. Maƙeri ya kwana yana tunani. Ya tara tarkace, ya yi wata biyu yana haɗawa.

Ga yadda injinsa yake. Batir yana juya wani ƙaramin injin lantarki. Wannan yana juya babbar ƙafa ta ƙarfe mai nauyi. Ƙafar tana juya dinamo na tsohuwar mota. Dinamo yana mai da wuta cikin batir. Maƙeri ya ce:

— Kun gani? Abin da batir ya bayar, dinamo ya mayar masa. Ba zai tsaya ba har abada. In na sami kuɗi na ƙera babba, zai ja ruwa dare da rana, ba ko ɗigon mai.

Wani mai lambu ya tsaya yana kallo, baki buɗe. Yana da bijimi ɗaya, shi ke ja masa amalanke, shi ke ja masa garma. Ya ƙudura zai kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya kawo wa maƙeri kuɗin.

Ɗiyarsa tana aji shida. Da dare ta ji ana zancen. Ta ce:

— Baba, ka bari in tambayi Malam tukuna.

Uban ya yi dariya, ya ce:

— To, tambayo. Amma na gani da idona, gani kuwa ya kori ji.

2. Ƙafar keke

Da safe yarinya ta ba Malam labari. Malam bai yi dariya ba, bai kuma ce maƙeri maƙaryaci ne ba. Ya shigo da kekensa cikin aji, ya kifa shi, ƙafafu sama. Ya kira wani yaro, ya ce:

— Juya ƙafar gaba da iyakar ƙarfinka.

Yaro ya juya ta. Ta yi ta gudu, har ba a ganin wayoyinta. Yara suna ƙirgawa. Can ta rage gudu, ta rage, ta yi ɗan lilo gaba da baya, ta tsaya.

Malam ya ce:

— Wa ya tsai da ita?

— Ba kowa, Malam.

— To, me ya tsai da ita?

Aji ya yi tsit. Malam ya ce kowa ya murza tafukan hannunsa da sauri. Suka murza. Suka ce sun ji zafi.

— Wannan ita ce gogayya, in ji Malam. Duk abu biyu da suke gugar juna, ƙarfin motsinsu yana zama zafi. Ƙafar keke tana gugar ƙarfen da take juyawa a kansa. Tana gugar iska. Kowane zagaye tana biyan haraji kaɗan, har abin da yaron nan ya ba ta ya ƙare. In an sa mata mai, harajin ya ragu, amma ba ya ɓacewa. Haka mazarin kaka yake tsayawa, haka lilo yake tsayawa in ba a tura shi ba.

3. Tsohon buri

Maƙerin Mallawa ba shi ne na farko ba. Burin ƙera abin da zai yi ta juyawa da kansa ya daɗe a duniya. Da faransanci ana ce masa « mouvement perpétuel », wato motsi na har abada.

Wajen shekarar 1150, wani masanin lissafi na ƙasar Indiya, mai suna Baskara, ya bayyana wata ƙafa. An ɗaura mata bututu kewaye, kowane an zuba masa zaiba rabi. In ƙafar ta juya, zaiba ta gangara bakin bututu a gefe ɗaya, ta koma ciki a ɗaya gefen. Ya zaci gefe ɗaya zai fi nauyi kullum, ƙafar ta yi ta bin nauyin. Wajen 1230 wani Bafaranshe, Villard de Honnecourt, ya zana irinta da guduma maimakon zaiba.

A takarda abin yana da kyau. A ƙasa ba ya yi. Ku tuna da jigo. Dunƙulen laka mai nauyi yana kusa da gwafa, guga yana nesa, sai su daidaita. Haka ƙafar nan take. A gefen da gudumomi suka yi nesa da tsakiya, ba su da yawa. A gefen da suka matso kusa, sun fi yawa. Gefe biyu suka daidaita, ƙafa ta tsaya. Kuma duk gudumar da ta sauko, tilas a sake ɗaga ta zuwa inda ta fito.

A shekarar 1618 wani likita na Ingila, Robert Fludd, ya zana injin niƙa mai aiki da ruwa. Ruwa ya zubo daga sama ya juya ƙafa, ƙafa ta juya dutsen niƙa, ta kuma juya famfo, famfo ya mai da ruwan sama. Wannan ɗan uwan injin maƙeri ne, sai dai shi ruwa ne yake zagayawa, ba wutar lantarki ba. Shi ma bai taɓa aiki ba.

Masu irin wannan ƙira suka yi ta kai takardunsu gaban majalisar masana kimiyya ta birnin Paris. Masana suka gaji. A shekarar 1775 suka yanke shawara ba za su ƙara duba irin waɗannan injuna ba. Sun ce abin ya cinye dukiya da lokacin masu hannu da yawa, waɗanda da sun yi wani aiki mai amfani.

4. Masu ɓoye hannu

Yawancin masu wannan ƙira ba macuta ba ne. Sun yi kuskure, kuma su ne suka fara yin hasara. Amma akwai waɗanda suka mai da abin hanyar cin kuɗin mutane.

A shekarar 1812, a birnin Filadalfiya na Amurka, wani mutum mai suna Charles Redheffer ya kafa injinsa. Kowa ya biya, ya shiga ya gani. Da aka fara zarginsa, sai ya kwashe ya koma Niyok a 1813. Can wani injiniya, Robert Fulton, mai ƙera jiragen ruwa, ya je kallo. Bai tsaya ga ido kaɗai ba, ya kasa kunne. Ya ji gudun injin ba daidai yake ba: ya yi sauri, ya lafa, ya yi sauri, ya lafa. Haka abin da hannun mutum yake juyawa yake yi. Ruwa ba ya tsami banza. Fulton ya ɓamɓare wasu ƴan katakai da suka haɗa injin da bango. Sai ga tsirkiya a ɓoye. Ya bi ta cikin bango har wani ɗaki na sama. Me ya tarar? Wani tsoho mai dogon gemu yana zaune, yana juya marfi da hannu, yana gaigayar busasshen burodi. Mutane suka fusata, suka farfasa injin. Redheffer ya ranta a na kare.

Labarin wani Bajamushe, Johann Bessler, ya fi wannan wuyar warwarewa. Ya ƙera ƙafa mai faɗin kusan mita 4. An rufe ta da ƙyalle, ba mai ganin cikinta. Ranar 12 ga Nuwamba 1717 aka kulle ta cikin wani ɗaki a fadar sarkin Kasel, aka buga hatimi a ƙofa. Bayan mako biyu aka leƙa, tana juyawa. Aka sake kullewa. Ranar 4 ga Janairu 1718 aka buɗe, tana nan tana juyawa. Mutane suka yi mamaki ƙwarai. Bessler ya nemi dukiya mai yawa kafin ya nuna asirin. Ba wanda ya biya. Da wani masani ya matsa da bincike, Bessler ya yi fushi, ya farfasa ƙafar da kansa. A 1727 mai aikin gidansa ta ce ita da wasu suke juya ƙafar daga ɗakin da ke maƙwabtaka. Bessler ya mutu a 1745 bai nuna wa duniya cikin ƙafarsa ba. Kulle ƙofa kaɗai bai isa gwaji ba, in mai abin ya hana a duba ciki.

Wani kuma, John Keely, ya yi fiye da shekara 20 yana karɓar kuɗin attajiran Amurka, kullum yana cewa saura kaɗan. Da ya mutu a 1898 aka tona ƙarƙashin ɗakin aikinsa. Aka sami wani ƙaton tulun ƙarfe na matsa iska, da ƴan siraran bututu a ɓoye cikin daɓe da bango.

Yau abin ya fi sauƙi. Ba sai an ɓoye tsoho a soro ba. Ƙaramin batir yana ɓuya cikin katako, waya tana ɓuya ƙarƙashin tebur, mai ɗaukar hoto kuma yana yanke inda ba ya so a gani.

5. Ina ƙarfin yake tafiya?

Wanda ya auna wannan al'amari da kyau shi ne James Joule, mutumin Ingila. Tsakanin 1845 da 1850 ya yi ta maimaita gwaji iri ɗaya. Ya rataya nauyi da igiya. Nauyin yana saukowa, igiya tana juya wani abu kamar maburgi cikin tukunyar ruwa. Ya sa ma'aunin zafi. Ya ga ruwan ya ɗan ɗumama. Ya canza nauyi, ya canza tsawo, ya sake aunawa. Kullum lissafi ɗaya yake samu. Da awon yau, dutse mai kilo 1 sai ya sauko mita 427 kafin ya ba da ƙarfin da zai ƙara wa lita 1 ta ruwa zafin digiri 1.

Daga aikinsa da na wasu masana na zamaninsa aka tabbatar da wata doka. Ƙarfi, wanda ake kira makamashi, ba ya fitowa daga babu, ba ya kuma ɓacewa. Kama kawai yake canzawa. Tuwo ya zama ƙarfin hannu. Mai ya zama gudun mota. Motsi ya zama wutar lantarki, wutar lantarki ta zama haske. Kuma a kowane canji, wani kashi yana zama zafi, ya bi iska. Wanda ya bi iska ba ya tattaruwa ya dawo da kansa.

Malam ya rubuta misali a allo:

— A ce batir rumbu ne. An ɗebi tiya 100 an ba injin lantarki. Shi ya ci 20, ya miƙa 80. Dinamo na mota ya fi shi ci: cikin kowane 10 yana mai da kamar 6. Tiya nawa suka koma rumbu?

Yarinyar ta yi lissafi, ta ce:

— Tiya 48, Malam.

— An fitar da 100, an mai da 48. Ba a ma ja ruwa ko guga ɗaya ba tukuna. Rumbun yana cika ko yana raguwa?

Wani yaro ya ɗaga hannu:

— Malam, babbar ƙafar fa? Ai ita ce take ƙara ƙarfi.

— Ƙafa mai nauyi randa ce, ba rijiya ba. Tana ajiye abin da aka zuba mata, ta bayar daga baya. Ba ta tsatso.

Haka zancen injin da ake cewa yana shan ruwa maimakon mai. Gaskiya ne cikin ruwa akwai wata iska mai cin wuta, ana ce mata haidurojin. Amma ruwa shi ne abin da yake saura bayan ta ƙone, kamar yadda toka take saura bayan itace. Ana iya raba ruwa da wutar lantarki, sai dai ƙarfin da aka kashe wajen rabawa ya fi wanda za a samu in an ƙona. A 1996 wata kotu ta jihar Ohayo a Amurka ta sa aka binciki irin wannan na'ura ta wani mai suna Stanley Meyer. Kotu ta ce zamba ce, ta umarce shi ya mai da kuɗin mutane.

6. Rijiyar da take sama

Akwai injuna da ba su shan mai, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai kowanne yana da inda yake sha. Famfon iska yana sha daga iska. Madatsar ruwa tana sha daga kogi. Farantin sola yana sha daga rana. Da tsakar rana, in gari ya yi garau, kowane fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi yana samun kamar wat 1000 na ƙarfin rana. Farantin sola na yanzu yana mai da kamar kashi ɗaya cikin biyar wutar lantarki.

Wani ɗan ƙasar Nijar ya ba da rayuwarsa ga wannan bincike. Shi ne Farfesa Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa. Daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana a Yamai. Can aka ƙera abin ɗumama ruwa da rana, da murhun rana, da inji mai juyawa da zafin rana. Bai rufe su da ƙyalle ba. Ya auna abin da ya shiga, ya auna abin da ya fita, ya rubuta don wasu masana su sake gwadawa. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa tun 1992. Shi ne kuma, a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu. Makarantar gwaji ta farko mai hausa da faransanci, a Damagaram aka buɗe ta, a 1973.

7. Gwaji

Ranar Laraba da hantsi Malam ya tafi rumfar maƙeri tare da ƴan aji shida. Mai lambu ma ya zo. Bayan an gaisa, Malam ya ce:

— Maigida, mun zo ganin aikinka. Waldar nan ta yi kyau. Ka yarda mu gwada shi?

— Bismilla, Malam. Ni ba abin da nake ɓoyewa.

— Tun da ka ƙera shi, awa nawa ya fi daɗewa yana juyawa?

Maƙeri ya sosa ƙeya.

— Ina kashe shi in mutane sun watse, kada ya lalace. Batirin kuma ina kai shi caji, don sabon inji ne, bai saki jiki ba.

Suka yi shawara. Za a tada injin, ba mai taɓa shi har la'asar. Yara biyu za su yi gadi, suna canji. Kowane rabin awa za a rubuta ƙarfin batir da na'urar awo ta maƙerin kansa.

Aka tada inji. Yana ruri, ƙafa tana walƙiya. Bayan ɗan lokaci Malam ya ce yarinyar ta kai hannu kusa da dinamo. Ta janye da sauri.

— Da zafi, Malam!

— Ga tiyoyinki nan suna fita.

Lambobin da ke cikin littafin yara suka yi ta sauka. Kafin azahar rurin ya canza. Ƙafa ta rage gudu, ta rage, ta tsaya, kamar dai ƙafar keke. Maƙeri ya daɗe yana kallonta, bai ce kome ba. Sa'an nan ya juya wajen mai lambu:

— Riƙe bijiminka. Ba zan karɓi kuɗinka a kan wannan ba.

Mai lambu ya dubi ɗiyarsa, ya dubi ƙasa, ya ce Allah ya kyauta. Ranar Alhamis bijimi ya wuni yana jan taki zuwa gona.

Maƙeri bai saduda duka ba. Da suna bankwana ya ce wa Malam ya ga wani iri kuma a waya, mai aiki da mayen ƙarfe, watakila shi zai yi. Malam ya ce in ya ƙera ya kira su, za su zo da littafinsu. Maƙeri ya yi murmushi. Har sun kai bakin hanya ya ƙwala kira:

— Malam! Wannan ƙaramin injin nawa, farantin sola nawa zai iya juya shi, in na haɗa masa famfo?

Malam ya dawo. Suka tsuguna su biyu, suna lissafi da tsinke a ƙasa.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa mai lambu ya so sayar da bijiminsa?
2. Me ya tsai da ƙafar keke?
3. Da wace gaɓa ta jiki Fulton ya fara gane asirin Redheffer?
4. Me ya rage a gwajin da aka yi wa ƙafar Bessler?
5. Maƙerin Mallawa macuci ne? Kawo hujja biyu daga cikin karatun.
6. Me Malam yake nufi da cewa ƙafa mai nauyi randa ce, ba rijiya ba?

LISSAFI

Batir yana da tiya 200 na ƙarfi. Kowane zagaye rabi ne kawai yake dawowa. Tiya nawa suka rage bayan zagaye na 1, na 2 da na 3?

AIKI

a) Ku kifa keke, ku juya ƙafarsa, ku ƙirga daƙiƙoƙin da ta yi kafin ta tsaya. Ku sa mata mai, ku sake gwadawa sau uku. Ku rubuta abin da kuka samu.
b) Ku zagaya gari, ku rubuta sunayen abubuwa biyar masu motsi ko masu ba da haske. A gaban kowanne ku rubuta inda yake samun ƙarfinsa.